Yadda ake gwada tasirin sirotonin da istirojin kan homon ɗin haihuwa a jikin ɓeraye

Wannan bayani na masu fara aiki a lab ne, musamman ɗalibin da aka ba shi aikin duba me sirotonin, wani sinadarin aika saƙo a ƙwaƙwalwa, ke yi wa LH, homon ɗin da ke sa ƙwai ya fita, idan akwai istirojin, wato homon ɗin mace, a jinin macen ɓera da kuma idan babu shi. Aikin ba wuyar ganewa gare shi ba, abin da ya fi kayar da mutane a cikinsa shi ne lokaci, wace rana ce a zagayen haihuwar dabbar kuma ƙarfe nawa ne a agogo, don magani ɗaya da ka ba ɓera ɗaya zai iya danne LH yau, jibi kuma ya taimaka masa ya tashi, kuma duka biyun daidai ne.

Bari in ɗan taɓa abin da ke faruwa a ciki, iya wanda za ka buƙata kawai. Can ƙasan ƙwaƙwalwa akwai haifotalamus, shi ke sakin homon ɗin da ake kira GnRH, GnRH ya gangara zuwa fituwitari, wata ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashinsa, ya sa ta saki homon biyu, LH da FSH, su kuma su bi jini su je obari, wato ma'ajiyar ƙwai. Obari ta saki istiradayol, wanda shi ne babban istirojin. Yawancin kwanaki istiradayol danne LH yake yi, amma idan ya hau sosai kuma ya ɗan jima a sama sai lamarin ya juya, ya koma tunzura ƙwaƙwalwa, LH ya yi tashin gwauron zabi da yamma, ƙwai ya fita cikin dare wajen asuba. Tun 1950 Everett da Sawyer suka nuna cewa wannan tashi yana da sa'arsa, a ɗakin da ake kunna fitila ƙarfe 5 na safe a kashe ƙarfe 7 na yamma, idan a ranar da LH zai tashi ka kwantar da ɓera da maganin sa barci fentobarbital tsakanin ƙarfe 2 da 4 na rana to tashin ba zai zo ba sai washegari a daidai wannan lokaci. Shi kuma sirotonin na ƙwaƙwalwa daga ƙwayoyin jijiya na wani wuri da ake kira rafe yake fitowa, a tushen ƙwaƙwalwa, ana haɗa shi daga tiriftofan, wani sinadari da ake samu a abinci, kuma rassan jijiyoyin suna kaiwa har haifotalamus. Abin da aka fi gani shi ne idan babu istirojin sirotonin ya fi karkata ga danne LH, idan kuwa istirojin ya riga ya shirya ƙwaƙwalwa to sai ya zama ana buƙatarsa kafin tashin yamma ya cika. Wannan shi za ka gwada.

Kayan da za ka tanada

Matan ɓeraye Wistar ko Sprague-Dawley, masu sati 8 zuwa 12, nauyi wajen giram 200 zuwa 250, waɗanda ba su taɓa haihuwa ba. Ɗaki mai taima ta kunna fitila da kashewa, da jar fitila ƙarama saboda shiga bayan duhu. Sikelin awo. Ruwan salin, wato ruwan gishiri, na kashi 0.9. Fifet na roba mai santsin baki ko maikurofifet da bakuna masu tsabta, gilasan silaid, maikuroskof na talakawa ma ya isa in dai yana da lens na 10 da na 40. Kalar rini kamar metilin bulu ko kiristal bayolet ko Giemsa. Littafin rubutu mai layi-layi, wannan kar ka raina shi.

Na tiyata kuma: maganin sa barci, aisofuluren da na'urarsa, in babu sai ketamin da zailazin, maganin rage zafi irin meloksikam, almakashi da hantsaki da zaren ɗinki duk an tafasa ko an sa a otokilef, abin ɗumama jiki, man shafa wa ido. Sai magunguna: 17-beta istiradayol da bututun Silastic, wato siririn bututun silikon da ke sakin homon a hankali, ko istiradayol benzowet da man riɗi ko man masara na lab da za a narka shi, furojestaron, wani homon ɗin obari, PCPA mai rage sirotonin, 5-HTP mai mayar da shi, in da hali da ketansarin mai toshe wata ƙofarsa. Na jini: sirinji ƙanana, hefarin mai hana jini daskarewa, bututun ajiya, santirifuj, firiza mai -20, da kit ɗin ELISA, wato kayan auna homon a jini, na LH ɗin ɓera. Na ɓera fa, ba na mutum ba, kit ɗin asibiti ba zai karanta maka LH ɗin ɓera yadda ya kamata ba ko da mai sayarwa ya ce zai yi.

1. Izini da tsari kafin ka taɓa dabba

Ka rubuta tsarinka gaba ɗaya ka kai wa kwamitin da ke kula da dabbobin gwaji a cibiyarku, kar ka sayi ɓera ko ɗaya kafin su amince. A nan ne za ka tsayar da adadin dabbobi a kowane rukuni da lissafi, ba da ka ba, kuma ka ƙara 'yan kaɗan saboda wasu zagayensu ba zai daidaita ba dole a cire su. Ka'idar da Russell da Burch suka kawo a 1959 har yanzu ita ake bi, a musanya dabba da wata hanya in zai yiwu, a rage yawansu, a sauƙaƙa musu wahala. Tiyata da allurar ciki kuma sai wani da ya iya ya tsaya a kanka ka koya, ba daga karatu ake iya su ba.

2. Ɗaki, haske da sabo da hannu

Idan ɓerayen sun iso ka bar su sati ɗaya zuwa biyu ba ka yi musu komai ba sai abinci da ruwa da ɗauka a hannu. Zafin ɗaki ya tsaya tsakanin digiri 20 da 24. Haske ko dai awa 12 da 12 ko 14 da 10, wanda ka zaɓa ka tsaya a kai har ƙarshe ka kuma rubuta ƙarfe nawa fitila ke kamawa, saboda duk lokutan allura da ɗibar jini daga nan za ka ƙirga su.

Babban abin da ke lalata wannan aiki tun kafin a fara shi shi ne haske cikin dare. Wani ya shigo ya kunna fitila ya manta, ko taga tana shigo da hasken waje, ko taima ta rikice bayan wuta ta ɗauke ta dawo. Ɓerar da ta daɗe cikin haske ba dare ba rana takan maƙale a estirus, ɗaya daga matakan zagayenta, ta daina fitar da ƙwai kwata-kwata. In wutarku ba ta tsayawa, ka sa fitilar ɗakin da taimar a kan batir, fitilar LED ba ta cin wuta, kuma kullum ka duba agogon taimar da na hannunka. Ka toshe tagogi, ka manna takarda a ƙofa.

Abinci ma a duba. Wanda aka cika shi da waken soya yana ɗauke da sinadaran tsiro masu aiki irin na istirojin, in za ka samu marar soya ya fi, in babu to aƙalla kowa ya ci iri ɗaya daga buhu iri ɗaya tun farko har ƙarshe. Tsofaffin keji da kwalaben roba da suka tsattsage suna iya zubar da BPA, wani sinadarin roba, shi ma yana kwaikwayon istirojin, a canza su. Shimfiɗar totuwar masara ma an san tana taɓa zagaye, ka nemi ta katako ko ta takarda.

Kullum ka ɗauki kowace ɓera na minti biyu ko uku, ka riƙe ta yadda za ka riƙe ta ranar gwaji. Furolaktin, wani homon ɗin fituwitari, cikin 'yan mintuna yake tashi idan dabba ta tsorata, kuma tsoro yana danne LH, to ɓerar da ba ta san hannunka ba sakamakon tsoro za ta ba ka ba na magani ba.

3. Ɗibar ruwan farji kullum da safe

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Zagayen macen ɓera kwana 4 ne ko 5, kuma tun 1922 Long da Evans suka bayyana yadda ake gane matakansa daga ƙwayoyin da ke fitowa a farji. Ka zaɓi lokaci ɗaya, misali tsakanin ƙarfe 8 da 9 na safe, kullum har ranakun hutu.

Ka zuƙi salin kaɗan a fifet, ɗigo biyu ko uku sun isa, kuma kar ya zama mai sanyi daga firij. Ka ɗora ɓerar a kan murfin keji ko a damtsenka, ka kama gindin wutsiya ka ɗaga bayanta kaɗan ƙafafun gaba suna riƙe da wani abu, kar ka rataye ta da wutsiya a iska. Ka sa bakin fifet a ƙofar farji, 'yan milimita kawai, ka tura ruwan a hankali ka zuƙo shi, sau biyu ko uku, za ka ga ya ɗan yi gurɓi-gurɓi. Ka ɗiga a silaid da ka riga ka rubuta lambarta. Kowace ɓera da bakin fifet ɗinta, ko ka wanke sosai tsakani, in ba haka ba ƙwayoyin wannan za su bayyana a silaid ɗin waccan.

Gargaɗi mai girma a nan: kar ka zurfafa. In ka taɓo bakin mahaifa jikinta zai ɗauka namiji ya hau ta, sai ta yi cikin ƙarya, wato kamar tana da ciki alhali babu, furolaktin ya riƙa tashi sau biyu a rana, kuma za ka yi ta ganin matakin zagaye ɗaya, dayestirus, har kusan kwana 12 ko fiye. Shikenan ta fita daga gwajinka na wannan lokacin. Wasu suna amfani da auduga mai sanda a jiƙe, tana yi in babu fifet, amma ni ban cika sonta ba don ta fi saurin jawo wannan matsala kuma tana goge fata.

4. Karanta silaid

Kana iya dubawa a jiƙe nan take da lens na 10, ka rage haske ka sauke kondensa ƙasa kaɗan, ƙwayoyin za su fito fili ba tare da rini ba. Amma mai koyo gara ya shanya ya rina, saboda zai iya ajiyewa ya nuna wa wanda ya fi shi sani. Iri uku kawai kake nema. Akwai ƙwayoyi zagayayyu masu cibiya a tsakiya, sau da yawa a dunƙule. Akwai manya masu faɗi marasa cibiya masu kusurwa-kusurwa, kamar busassun ganye da suka zube suka hau kan juna. Sai fararen ƙwayoyin jini, ƙanana sosai, ɗigo-ɗigo.

In zagayayyu masu cibiya suka fi yawa, fararen jini kuma babu ko kaɗan ne, furo'estirus kenan, ka rubuta P, ranar ce LH zai tashi da yamma. In marasa cibiya suka cika fili, estirus ne, E, ƙwai ya riga ya fita daren jiya. In ka ga an gauraya, marasa cibiya da masu cibiya ga fararen jini sun fara shigowa da yawa, metestirus ne, M, shi gajere ne awa 6 zuwa 8. In fararen jini ne suka mamaye, wani lokaci da ɗan majina-majina, dayestirus ne, D, shi ya fi kowane tsawo, ya haura kwana biyu.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne ƙarshen D da farkon P, da kuma ƙarshen E inda masu cibiya ke sake bayyana har mutum ya zaci P ne. Maganin wannan shi ne kar ka taɓa yanke hukunci da silaid na rana ɗaya, ka kalli na jiya da na shekaranjiya. P ba ya biyo bayan E kai tsaye, in littafinka ya nuna haka to karatun ne ya kauce. Ka bi kowace ɓera har ta yi zagaye biyu ko uku a jere masu tsawo iri ɗaya kafin ka sa ta a gwaji, kuma kar ka haɗa masu kwana 4 da masu kwana 5 a rukuni ɗaya in kana da zaɓi, don lokacin hawan istiradayol da furojestaron ɗinsu ba ɗaya ba ne.

5. Zaɓi hanya: da obari ko a cire

Hanya biyu ce. Ta farko ka bar dabbar yadda take, ka ba da maganin sirotonin ka jira yammacin P. Ba tiyata, kuma za ka iya ƙirga ƙwai washegari, amma matsalarta maganin zai iya taɓa obarin kanta ko ya jinkirta zagayen, sai ka kasa sanin ko ƙwaƙwalwa ce ta ƙi amsawa ko istirojin ne bai hau ba tun farko. Ta biyu ka cire obari duka biyu sannan kai ka mayar da istiradayol da hannunka a adadin da ka sani. Don tambayar da muke yi ta biyun ta fi tsabta nesa ba kusa ba, in dai kuna da wanda ya iya tiyata da kayan sa barci. In babu, ka tsaya a ta farko ka yi ta da kyau, ya fi ka yi tiyatar da dabba za ta wahala.

Tiyatar kanta gajera ce. Ba a hana ɓera abinci kafin a sa ta barci don ba ta amai. A ba da maganin zafi tun kafin yanka, a sa ta barci, a matsa yatsan ƙafa a tabbatar ba ta janyewa, a shafa man ido, a aske gefen baya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙugu a goge da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ƙaramin yanka a fata da tsoka, za ka ga kitse fari, ka jawo shi a hankali obarin na ciki jaja-jaja mai ƙulli-ƙulli. A ɗaure tsakanin ƙarshen ƙahon mahaifa da obari, a yanke, a mayar da sauran, a ɗinke tsoka sannan fata, a yi ɗaya gefen. Kar ka matse obarin da hantsaki, ɗan guntun da ya ɓalle ya zauna a ciki zai iya kamawa ya ci gaba da sakin istirojin. A ajiye ta wuri mai ɗumi har ta farfaɗo, a ci gaba da maganin zafi kwana biyu zuwa uku.

Ka ba su wajen sati biyu. Cikin kwanakin ƙarshe ka koma ɗibar ruwan farji, ya kamata ka ga fararen jini kawai kullum, duk wadda ta nuna marasa cibiya to akwai sauran obari, a cire ta daga lissafi. Wani abu kuma, magunguna dangin mofin suna danne LH, dangin indometasin kuma, irin su meloksikam, suna iya hana ƙwai fita, shi ya sa ake son tazara mai kyau tsakanin maganin zafi na ƙarshe da ranar gwaji.

6. Mayar da istiradayol

Legan da Karsch a 1975 sun nuna cewa ɓerar da aka cire wa obari aka dasa mata bututun Silastic mai istiradayol a ƙarƙashin fata, LH ɗinta yana tashi kowace yamma, ba sau ɗaya a kwana 4 ba. Wato agogon ƙwaƙwalwa kullum yana ba da sigina, istirojin ne ke buɗe masa hanya. Wannan hanyar ita ta fi daɗin aiki don kai ke zaɓar ranarka.

Ka yanka bututun tsawo ɗaya ga kowa, ka cika da istiradayol da aka narka a mai, ka toshe bakin biyu da gam ɗin silikon, na rukunin kwatance kuma mai zalla. Ka jiƙa su a salin su kwana kafin dasawa, in ba haka ba awannin farko za su zubar da homon da yawa lokaci guda. A dasa a bayan wuya da safe. Ka tsara ɗibar jini a rana ta biyu ko ta uku bayan dasawa, don tashin yana raguwa a hankali in kwanaki suka yi yawa. Yawan da za ka zuba ya danganta da kaurin bututu da tsawonsa, ka ɗauko daga aikin da aka wallafa da irin ɓerayenka ka fara gwada shi a 'yan kaɗan.

In babu Silastic, allurar istiradayol benzowet a mai a ƙarƙashin fata tana yi, sannan bayan kwana biyu ka bi da furojestaron kafin tsakar rana, yammacin ranar za ka samu tashi mai ƙarfi. Sai dai ka sani furojestaron ya shigo cikin lissafi kenan, ba za ka ce istirojin kaɗai ka gwada ba. Ka sa safar hannu da takunkumi wajen auna garin homon, yana shiga ta fata, kuma mai juna biyu kar ta yi wannan ɓangaren.

7. Taɓa sirotonin

PCPA shi ne tsohon makami a nan, Koe da Weissman suka bayyana shi a 1966, yana kashe enzayim ɗin da ke fara juya tiriftofan, sai sirotonin na ƙwaƙwalwa ya faɗi ƙasa sosai. Ba nan take yake aiki ba, sai bayan kwana biyu zuwa uku yake kai ƙarshen faɗuwa, kuma yakan ɗau sama da sati kafin ya dawo. Ana yawan ba da wajen miligiram 300 a kowane kilo ta allurar ciki, amma abin da kwamiti ya amince da shi za ka bi. Ka nemi nau'in metil esta don shi ke narkewa a salin, ɗayan wahalar narkewa gare shi, kuma ka duba tsamin ruwan ka daidaita kafin allura saboda mai tsami yana ƙona ciki. Ka ba da shi awa 48 kafin yammacin da za ka ɗebi jini. In da obari kake aiki a zagayen kwana 4, wannan ya faɗo ranar M.

Rukunanka aƙalla biyar: mai zalla da salin, mai zalla da PCPA, istiradayol da salin, istiradayol da PCPA, sai istiradayol da PCPA da 5-HTP. Wannan na biyar ɗin kar ka yarda a cire shi don a rage kuɗi. PCPA yana ɗan taɓa noradirenalin da dofamin, yana rage cin abinci, dabba ta rame, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai iya danne LH da kansa. Shi 5-HTP yana tsallake inda aka toshe ya koma sirotonin kai tsaye, to in ka ba da shi tashin ya dawo, nan ne kake da bakin cewa rashin sirotonin ne ya hana. Irin wannan tsari Héry da Laplante da Kordon suka bi a Faransa a 1976. Lokacin ba da 5-HTP yana da muhimmanci, a ranar ɗibar jini ne kafin sa'ar tashi, ba bayan ta wuce ba. In ka ga dabba tana girgiza kai da jiki tana tattaka ƙafafun gaba to ya yi yawa, ka rage.

In kana son sanin wace ƙofa sirotonin ke bi, nan ketansarin ke shigowa, yana toshe 5-HT2A, ɗaya daga masu karɓar saƙon sirotonin a jikin ƙwayoyin jijiya, kuma aikin George Fink da abokansa a Edinbara ya nuna istiradayol yana ƙara yawan wannan mai karɓa a wasu sassan ƙwaƙwalwa kuma toshe shi yana rage tashin. Amma ketansarin yana toshe alfa-1 na noradirenalin shi ma, wanda tashin LH ke buƙata, don haka shi kaɗai ba hujja ba ce, sai ka haɗa da wani maganin da ya fi shi tsayawa a kan 5-HT2A. In PCPA bai samu ba kwata-kwata, kana iya juya tambayar ka ƙara sirotonin da fuluwoksetin, sai dai shi ma yana rage ci, dole ka sa rukunin da ake ba abinci daidai da abin da masu shan maganin suka ci.

Ka raba dabbobi cikin rukuni da ƙuri'a, kuma wani ya rufe maka lambobin kwalabe yadda ba za ka san wa ya sha me ba sai an gama awo.

8. Ɗibar jini

Samfur ɗaya ba ya nuna tashi. Kana buƙatar ɗaya da safe wajen ƙarfe 10 a matsayin tushe, sannan duk awa ɗaya daga tsakar rana har awa ɗaya ko biyu bayan an kashe fitila, a ƙarƙashin jar fitila. Ƙololuwar tana zuwa ne a sa'o'in ƙarshe na haske, kuma maganin sirotonin wani lokaci ba hana tashin yake ba, jinkirta shi yake, wanda ya tsaya ƙarfe 5 ya tafi gida zai rubuta an toshe alhali ƙarfe 7 abin ya zo.

Lissafin jini: ɓera tana da wajen mililita 64 a kowane kilo, mai giram 250 kenan tana da kusan 16, kuma ba a wuce kashi 10 cikin 100, wato 1.6 gaba ɗaya a ranar. In samfur 8 za ka ɗauka to kowane kar ya wuce 0.2, ka mayar mata da salin mai ɗumi daidai abin da ka cire. Hanya mafi kyau ita ce bututun da aka dasa a jijiyar wuya kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, ya fito ta bayan wuya, kana zuƙa dabbar na yawonta a keji. In babu wannan, ɗan tsaga a ƙarshen wutsiya yana ba da ɗigo-ɗigo, kuma akwai ELISA mai kaifi da 'yan maikurolita suka ishe shi. Abin da ba za ka yi ba shi ne sa ta barci da rana don ka samu sauƙin ɗiba, ka tuna abin da fentobarbital ya yi a gwajin 1950.

Jini ya hau ƙanƙara nan take, a juya a santirifuj, a kwashe ruwan sama a raba gida biyu a sa a -20. Narkewa da sake daskarewa yana cin homon, shi ya sa ake rabawa. Samfuran dabba ɗaya duk su shiga faranti ɗaya na ELISA, kuma kowane faranti ya ƙunshi dabbobi daga kowane rukuni. Na yamma sau da yawa sai an tsarma su don sukan wuce saman ma'auni. In jinin ya isa ka auna furolaktin ma, shi ma yana tashi da yamma a ƙarƙashin istiradayol kuma sirotonin na cikin masu tura shi.

9. Tabbatar da cewa magungunan sun yi aiki

Bayan samfur na ƙarshe, ko washegari da safe in masu obari ne, a kashe dabbar ta hanyar da aka amince, cikin sauri ba wahala. Ka ciro mahaifa ka share kitse ka auna. Ta wadda ta samu istiradayol za ta yi kauri ta cika da ruwa, ta mai zalla siririya ce fayau. Wannan awo ya fi min kit ɗin istiradayol amana, don yawancinsu ba sa karanta ƙananan adadi na jinin ɓera daidai. A masu obari, ka ciro bututun ƙwai ka sa a ɗigon salin tsakanin silaid biyu, ko ka fasa kumburarren wurin da allura, ƙwayayen za su fito a dunƙule ka ƙirga, lafiyayyar ɓera takan ba da goma da 'yan kai.

Sai ƙwaƙwalwa. A ciro ta da sauri a kan ƙanƙara, a yanko haifotalamus, a daskarar a -80, daga baya a niƙa a ruwan asid a auna sirotonin da 5-HIAA, wato abin da sirotonin ke komawa bayan ya gama aiki, da na'urar HPLC mai rarrabe sinadarai. In ba ku da HPLC ku nemi lab da ke da shi ku aika a daskare, ko ku yi amfani da ELISA na sirotonin a kan naman ƙwaƙwalwar. Kar ka auna sirotonin na jini ka ce na ƙwaƙwalwa ne. Wajen kashi 90 cikin 100 na sirotonin ɗin jiki a hanji ake yin sa, ƙwayoyin daskarar da jini ke ɗauke da shi, kuma ba ya tsallakawa cikin ƙwaƙwalwa.

10. Duba sakamako

Ka zana layin kowace dabba ita kaɗai kafin ka haɗa matsakaici, don in ɗaya ta kai ƙololuwa ƙarfe 5 wata ƙarfe 7, matsakaicin zai fito a baje kamar babu tashi. Daga kowane layi ka fitar da abu uku, tsayin ƙololuwa, lokacinta, da faɗin da ke ƙarƙashin layin.

Rukunin mai zalla za ka ga LH a sama tun safe yana hawa da sauka, saboda babu istirojin da zai danne shi kuma bugu-bugu yake fita kusan duk minti 20 zuwa 30, kar ka ɗauki bugu ɗaya da ya faɗo a samfurinka ka kira shi tashi. Rukunin istiradayol da salin ya kamata ya kwanta ƙasa da safe ya tashi da yamma, in wannan rukuni bai tashi ba to ka dakata, ba ka da abin kwatantawa, ka koma ka duba taima da bututu da nauyin mahaifa kafin ka ce komai game da sirotonin. In ya tashi, sai ka kalli na PCPA ko ya ragu ko ya makara, da na 5-HTP ko ya dawo, ko da rabi ne. Lissafin da ya dace shi ne wanda ke la'akari da cewa dabba ɗaya aka ɗiba sau da yawa, kuma abin da kake nema a ciki shi ne ko tasirin PCPA ya bambanta tsakanin masu istiradayol da marasa shi. Duk dabbar da awon ƙwaƙwalwa ya nuna sirotonin ɗinta bai faɗi ba, ko bututun jijiyarta ya toshe a tsakiyar yamma, ka rubuta lambarta da dalilin cire ta a rahoto, tare da lokacin kunna fitila da irin abinci da ranar zagayen da aka yi kowace allura.